Ranar Da Netta Baird Ta Ce Babu

Ni da Netta Baird bene ɗaya muke hawa tun muna iya hawansa da gudu. Ita tana hawa na farko, ni ina can ƙoli tare da tantabaru. Da za a tara masu taurin kai na duk garuruwan bakin kogin Clyde a ce su zaɓi shugaba, ba sai an kaɗa ƙuri'a ba. Ina ƙaunarta, wannan babu ja. Amma ban taɓa yin mako guda ban ji kamar in riƙe kafaɗunta in girgiza ta ba.

Ba laifinta ba ne ita kaɗai, gado ta yi. Uwarta wanki take yi wa matan masu kuɗi na kan tudu, ubanta kuwa ya bi jirgin ruwa tun Netta tana rarrafe, har yau bai sauko ba. Ranar Lahadi in babu ko ƙashi a gidan, tsohuwar sai ta yanka albasa guda ta soya a kitse, ta ɗan buɗe ƙofa don ƙamshi ya bi bene, maƙwabta su ce yau gidan su Netta nama ake ci. Sannan su rufe ƙofa su ci burodi da shayi. A wannan makarantar Netta ta yi karatu, kuma ta fito da sakamako mai kyau. Labulenta kullum fari tas. In wankin matakala ya zagayo kanta, har ƙarƙashin ƙarfen dafawa take gogewa, inda ba mai gani sai kyanwa. Ka tambaye ta ya gida, ko rufi ne ya faɗo mata a ka, amsar ɗaya ce: "Lafiya lau, ba mu rasa komai ba."

In za a faɗi gaskiya duk unguwar haka muke. Mu nan ba a cewa babu. Ana cewa mun ƙoshi, ana cewa ni dama nama bai dame ni ba. Netta dai ta fi kowa iyawa.

Tana barin makaranta ta shiga kamfanin sukari tana ɗinkin buhu. Da aka rufe shi ta koma sharar ofisoshi da sassafe, har gwiwoyinta suka ce ba da su ba. A tsakani ta auri Wattie, mai walda a ma'aikatar ƙera jiragen ruwa, dogo mai barkwanci, wanda bai taɓa cin ta a gardama ba kuma bai taɓa daina gwadawa ba. Ɗansu ɗaya, Gordon. Ya tafi aikin haƙar mai a teku can wajen Aberdeen. Da farko yana zuwa, daga baya yana kira, daga baya shiru. Kowa a benen ya san shiru ne. Amma in kin haɗu da Netta wurin shanya za ta ce miki, "Gordon ya kira jiya, aiki ne ya sha kansa." Mu kuma mu ce Allah ya dafa masa, kowa ta ci gaba da shanyarta.

Farar ƙurar da suke lulluɓe bututun jirgi da ita ta samu wurin zama a huhun Wattie, ta yi lamo har ya bar aiki, sannan ta taso masa. A shekarar da nake ba da labarinta an riga an fito da gadonsa falo, ga injin da ke ba shi iska yana ta gurnani a gefe ba hutu. Wayar gidan, irin ta da mai igiya, tana kan tebur daidai kansa, don in Netta ta fita ya iya neman taimako. Yayansa a gidan kula da tsofaffi ya ƙare. Wattie ya je ya tarar an ɗaura masa ƙyalle a wuya ana ba shi abinci a baki, ana ce masa yaron kirki. Tun daga ranar ya kafa wa matarsa sharaɗi, kuma a gabana aka yi.

"Tsohuwa, daga ɗakin nan za a fitar da ni. Ba asibiti, ba gidan tsofaffi. Kin ji ko?"

"Wa zai karɓe ka dama, da wannan minsharin?" in ji Netta. "Kwana ɗaya za su yi su dawo mini da kai, har da kuɗin mota."

Wanda ya san Netta ya san rantsuwa ta yi.

Ita kuma Shona, nas ɗin da ke zuwa duba shi duk Laraba, nata sharaɗin daban. Huhun Wattie ba ya jure sanyi. Ta faɗa ba ɓoye-ɓoye, ranar da ta tarar da ɗakin da sanyi dole ta sanar da likita a kai shi asibiti, kuma mai irin jikinsa in ya shiga asibiti ba a cika mayar da shi gida ba. Gas da wuta a gidajenmu na kati ne, in ka zuba kuɗi ka ji ɗumi, in ya ƙare ka ji jiki. Saboda haka rayuwar Netta gaba ɗaya ta dawo abu ɗaya, kada falon nan ya yi sanyi.

Netta ba ta yarda da katin banki ba. Ranar da kuɗin tallafinsu ya shiga, nata da na Wattie, sai ta je gidan waya ta kwashe shi kaf, ta naɗe, ta cusa a kwalin shayin da ya ƙare, ta jera shi cikin sauran kwalaye a kan kanta. Na sha yi mata magana. Ta ce ɓarawo ba ya tsayawa shan shayi.

Sai ga Hogmanay, jajibirin sabuwar shekara. Ba a barin sabuwar shekara ta tarar da datti a gida. A ranar ake kakkaɓe ko'ina, a wanke, a fitar da shara kaf, ko ɓawon dankali ba ya kwana, in ba haka ba tsiyar bara ta biyo ka cikin bana. Matan yanzu sun sassauta. Netta ba ta sassauta komai ba. Laraba ce, Shona ta zo da safe ta tafi, Netta tana kan kujera tana goge kanta, sai ta ji ƙarar motar shara a ƙasa. Zagayen ƙarshe ne na shekara, kuma sun zo da wuri don su ma su je hutu. Ta share duk kwalin da ta ji ba nauyi cikin leda, ta sauka a guje da silifas, ta tsayar da motar a tsakiyar titi. Ina taga ina kallo. Da hannunta ta miƙa wa mutumin ledar, ta ƙara masa da biskit na barka da shekara. Ta ɗago kai ta hango ni.

"Moira! Saura ƙiris su tafi su bar ni da datti!"

Murna take yi, har da ɗaga mini hannu. Kuɗin takarda ba su da nauyi, kwalin da suke ciki da wanda babu komai duk ɗaya ne a hannu.

Sai da yamma, da ta tashi zuwa zuba kati da sayen fai, naman sa da ake gasawa cikin kwaɓin fulawa don cin sabuwar shekara, ta gane abin da ta yi. Kun san me ta yi daga nan? Ba ta yi komai ba. Ta ce wa Wattie fai ya ƙare wurin mahauci. Muka gaisa ranar ɗaya ga wata, ta sumbace ni, ta ce Allah ya maimaita mana, ba ta ce uffan ba. Mitar gas takan ba da ɗan rance in kuɗi ya ƙare, shi ya ja su zuwa Juma'a.

Ranar Juma'ar na sauko musu da romon dankali. Tun daga bakin ƙofa sanyi ya mare ni. Ga Netta cikin tsohon kwat ɗin Wattie, hannun ya rufe mata yatsu.

"Tukunyar gas ta ɗumama gida ce ta lalace," ta faɗa da ƙarfi don na falo ya ji. "Mai gyaran yana hutu."

Na ja ta kicin, na buɗe ƙofar mita na duba da idona. Sai da na ce zan je in tambayi Wattie sannan ta faɗa mini, tana kallon famfo.

"Tun Laraba? Netta, tun Laraba, ina samanki hawa biyu kacal?"

"To me za ki yi? Ke da fanshon mai dafa abincin makaranta?"

Nan ta gama da ni, don gaskiya ce. Ɗan abin da bikin ya bar mini na kai shago aka zuba a katin wutarta, saboda injin numfashi ba ya tsayawa. Gas kuwa sai kallo. Gidana da ɗan ɗumi, amma mutumin da ba ya iya zuwa bayi sai an riƙe shi ba zai hau bene biyu ba. Muka tara masa barguna, muka jera masa gorunan ruwan zafi. Shi kuwa yana ta zolaya, wai an naɗe shi kamar kifin da za a kai kasuwa.

Na ce da ita akwai tallafin gaggawa a ƙaramar hukuma, kuma don irin wannan aka yi shi, wanda kuɗin tallafinsa ya ɓata ko aka sace, a ba shi abin da zai kai shi biya na gaba. Ba rance ba ne, ba a biya.

"Sadaka ke nan," ta ce.

"Sadakar gidanku! Harajin da aka yanka miki ne kina ɗinkin buhu."

"Uwata ba ta taɓa..."

"Uwarki ba ta da Shona da za ta zo mata ranar Laraba."

Sai a nan ta yarda. Amma yardar Netta ba ita ce ƙarshen wahala ba. Ofis a rufe yake ɗaya ga wata da biyu ga wata, ga Asabar ga Lahadi sun biyo baya, kamar yunwa ma hutu take zuwa. Layin da suka ce na gaggawa ne ya yi ta kaɗa mana kiɗa, can wata murya ta ce mu shiga intanet. Muka kuma ji wai sai da lambar rahoto daga 'yan sanda, shaidar kuɗin ya ɓata. Ranar Asabar muka taka cikin ruwa har ofishinsu, muka tarar ba kowa a kanta sai waya a jikin bango. Wanda ya ɗauka ya ce, "Sacewa aka yi ko ɓata ya yi, Mama?"

"Ni na ba su da hannuna," in ji Netta.

Na ji shi yana ƙoƙarin haɗiye dariya. Ya dai ba mu lambar, Allah ya saka masa.

Litinin da safe ta hawo gidana don yin kiran, kada Wattie ya ji. Da na buɗe ƙofa sai na ga ta sa rigar sanyinta ta zuwa coci, ta maƙala 'yar kwalliyar ƙirji, har da jan baki. Don waya! Tun daga nan na san za a sha fama. Muka sha kiɗa har shayinmu ya huce, sannan wata yarinya ta ɗauka, muryarta a gajiye, da ji ka san tun safe take sauraron kukan mutane. Netta ta ba da labarin kwalin tiryan-tiryan, ta karanta lambar 'yan sanda. Har na fara sakin jiki. Sai aka zo tambayoyi.

"Akwai abinci a gidan, Misis Baird?"

Ina gabanta ina girgiza kai kamar wuyana zai tsinke. Netta ta gyara zama, ta miƙe ƙirji.

"'Yar nan, gidana bai taɓa kwana ba abinci ba."

Na san abin da ke kantar nan. Gwangwanin wake ɗaya, rabin burodi, da biskit ɗin baƙi wanda ko za ta mutu ba za ta taɓa ba.

"Batun ɗumama gida fa?"

"Muna lallaɓawa."

"Akwai wani ɗan'uwa da zai iya tallafa muku kafin biya na gaba?"

Na taka mata ƙafa. Ta janye ƙafar.

"Ɗana Gordon yana aikin mai a teku. Babba ne a wurin. Ba ya bari mu nemi komai."

Da aka tambaye ta lambar da za a neme ta, na nuna mata wayata. Ta harare ni, ta ce ita ma tana da waya a gidanta, ta ba da tata.

Yarinyar abin da aka faɗa mata ta rubuta, ba zan ce ta yi ƙarya ba. Amma haushinta nake ji har yau. Duk wanda aka haifa a garin nan ya san in tsohuwa ta ce muna lallaɓawa, to a kira motar kashe gobara. Ko ba ta da kaka ne? Su kuma waɗanda suka tsara tambayoyin, da gani ba su taɓa zama a benen da ake soya albasa don maƙwabta ba. Sun buɗe ƙofar taimako, sun ce ba mai shiga sai ya tuɓe a bakin ƙofa, sannan suna mamakin me ya sa tsofaffi ba sa zuwa.

Kafin la'asar amsa ta zo. Netta ta hawo, ta tsaya a ƙofata ba ta shigo ba.

"Sun ce ba ma cikin mawuyacin hali. Wai muna da abinci, muna da mai taimako."

"To ba ke kika faɗa musu ba?"

"Me kike so in ce? In ce wa yarinyar da na yi jika da ita ɗana ya yar da ni?"

"Eh! Shi nake so ki ce! Ranar wanka ba a ɓoyon cibi, Netta. Girman kai rawanin tsiya, kuma ba ke za ki ɗaura shi ba, mutumin can na ƙasa ne zai ɗaura. Jibi Shona za ta zo. Ko jan bakin za ki ɗumama masa ɗaki da shi?"

Na faɗi wasu maganganun ma da suka fi waɗannan, ita ma ta rama. Ta ce ni ba ni da miji ba ni da ɗa, me na sani. Muka tsaya muna huci. Can ta miƙo hannu ta ce in ba ta wayar. Ana iya neman a sake duba hukunci, na riga na bincika. Muka sake shan kiɗa, ta faɗi buƙatarta a taƙaice, aka ce wani zai kira ta gobe, ba a san ƙarfe nawa ba. A cikin wannan hargitsin ba wanda ya tuna wace lamba ce a hannunsu.

Talata wajen azahar ina falonsu ina canja wa Wattie ruwan gora, waya ta yi ƙara daidai kansa. Netta ta ɗauka. Na ga fuskarta ta sauya. Ta dubi ƙofa, ta ja igiyar, igiyar ba ta kai ko ƙarshen gado ba. Wattie idonsa a rufe, injin yana ta aikinsa. Ta juya masa baya, ta rage murya. Amma ɗakin ƙarami ne, kuma mutumin da ke can gefen yana ta cewa ba ya ji sosai.

"Babu," ta ce. "Babu abinci. Wake gwangwani ɗaya."

Ta saurari tambaya ta gaba.

"Babu gas tun Juma'a. A'a, ba lalacewa ya yi ba. Kuɗi ne babu. Ni na zubar da su a shara."

Aka sake tambaya. Na ga ta riƙe bakin teburin.

"Ɗan nawa ba ya aiko da komai. Ba ya kira. Rabona da muryarsa tun kafin ubansa ya kwanta. Ban ma san inda yake ba."

Mutumin ya yi magana, har inda nake na jiyo shi. Cikin ladabi ya ce ta yi haƙuri ta maimaita a hankali, yana rubutawa ne. Ta maimaita. Kalma bayan kalma, kamar mai cire ƙaya daga tafin ƙafa. Da ta gama ya ce za a yanke hukunci kafin a tashi aiki gobe. Gobe kuwa da safe Shona take zuwa.

"Don Allah, ɗan nan," in ji Netta. "Mijina ba shi da lafiya. Don Allah ku taimake ni."

Tun muna 'yan mata na san matar nan. Na gan ta ranar da aka rufe kamfanin sukari, na gan ta ranar jana'izar uwarta. Ban taɓa jin wannan muryar ba, kuma da na san haka take da ban matsa mata ba. Ko da yake ban sani ba, ƙila da na matsa ɗin. Ta ba shi lambar wayata don saƙon biya, tunda tata ba ta karɓar saƙo, ta ajiye. Wattie bai motsa ba. Sai can ya buɗe ido ya ce, "Tsohuwa, babu shayi ne a gidan nan?" Muka dubi juna, muka ce a ranmu barci yake ɗazu, bai ji komai ba.

Dabara ta rage. Ina da 'yar hita ta lantarki, mai shan wuta kamar ba gobe. Muka lissafa, in mun kunna ta da safiyar Laraba muka kashe kafin Shona ta iso, abin da ya rage a katin wuta zai riƙe injin zuwa yamma. In saƙon ya zo, shi ke nan. In bai zo ba, ban yarda na yi tunanin wannan ba. Haka muka yi. Muka toshe ƙasan ƙofa da tawul, falon ya yi ɗumi har gilashin taga ya yi gumi. Da muka ji motarta a ƙasa na ɗauke hitar da zafinta na kai bahon wanka na rufe da labule.

Shona ta shigo ta cire kwat. "Kai, ɗakin nan da daɗi," ta ce. Ta auna shi, ta saurari ƙirjinsa, ta yi masa tsiya wai ya ƙara ƙiba da biki. Netta ta kawo mata shayi da biskit ɗin baƙi. Ta sha, ta fara haɗa jakarta. Na dubi Netta, ta dube ni. Mun ci.

Sai Wattie ya janye robar daga hancinsa.

"Shona, 'yata. Taɓa ƙarfen ɗumin nan na jikin bango."

"Rabu da shi," in ji Netta da sauri. "Surutun zazzaɓi ne."

"Taɓa dai."

Ta ɗora hannu, ta ɗauke da sauri. Ƙarfen kamar ƙanƙara.

"Tun Juma'a," in ji Wattie, yana tsayawa yana jan numfashi. "Hitar Moira tana baho. Matar nan rabonta da abin kirki a ciki tun bara. Ki kira likitan."

Netta ta yi kansa kamar za ta dake shi. "Kai ka sa na yi alkawari! Kai da bakinka!"

"Na warware miki."

"Ban karɓa ba! Kuɗin yana zuwa yau, tsoho, yau ɗin nan!"

"Na wannan karon." Ya kamo hannun rigarta. "Zancen Gordon na daɗe da sani. Wayar nan a kaina take kwana, ai na san ranar da take ƙara. Ba shi ne ya dame ni ba. Tun da na aure ki ban taɓa jin kin roƙi kowa ba. Jiya kin roƙi yaron da bai san ko ke wace ce ba, har ya ce ki maimaita. Saboda ni. Ba zan kwanta nan ina jiran ranar da za ki sake ba."

"Ni na ce maka na gaji? Na ce maka?"

"Ke kina faɗa ne dama?"

Na roƙi Shona. Na ce ta ba mu zuwa yamma kawai. Idonta ya cika, amma ta ce abin da hannunta ya taɓa ba za ta ce bai taɓa ba, kuma mara lafiya da kansa ya nema. Ban ga laifinta ba a ranar, yau ma ban gani ba, amma har yanzu in mun haɗu a shago gaisuwar tawa gajera ce. Motar asibiti ta zo. Suka sauko da shi a kujera, yana ce wa masu ɗaukarsa su yi a hankali kada su ɓata wa uwargida matakala. Netta ba ta yi dariya ba. Ta bi su a baya riƙe da silifas ɗinsa.

Saƙon ya shigo wayata bayan azahar. An amince. Abin da suka bayar ya isa gas da abinci har biya na gaba, ba zan yi musu ƙarya ba. Na bi ta asibiti na nuna mata. Ta taso muka je shago aka zuba katin, ta koma da rasit a hannu ta tare likita a hanya, ta ce ga shi, gida ya yi ɗumi, a ba ta mijinta.

Ashe shiga ce mai sauƙi. Likitan ya ce yanzu magana ta wuce hannunsa, sai jami'an kula da tsofaffi sun zo sun duba gidan, sun ga ko ya dace mara lafiya ya koma, kuma akwai layi. Netta ta ce yaushe. Ya ce za a kira ta. Ta koma wurin Wattie ta ce ya buɗe baki ya gaya musu gida yake so. Ya ce mata abincin asibitin ba laifi.

Daga nan ne masana suka fito. Wannan ta ce ai da kun kira kamfanin gas, suna da tsari na musamman don masu injin numfashi. Wancan ya ce ai da kun je coci. Wata ma cewa ta yi ai da Netta ta ƙwanƙwasa mata ƙofa. Ihu bayan hari. Ranar da muke yawo cikin ruwa duk suna bayan labulensu suna kallonmu, kuma na san da su ne, su ma muna lallaɓawa za su ce.

Netta ta bar gas a kunne kullum, tun safe har ta dawo daga asibiti, wai kada masu dubawa su zo ba sanarwa su tarar da sanyi. Ta rage cin abinci don katin kada ya ƙare. Ta canja zanen gado, ta wanke labule. Kullum da hantsi ta hau bas ta je ta zauna kusa da shi suna gardama. Janairu ya wuce ba a kira ba. Cikin Fabrairu, wata safiya tana cikin bas ɗin, Wattie ya cika. Wata ma'aikaciya da ba ta san sunan da ake kiransa da shi ba ita ce a kansa.

Bayan jana'iza da 'yan kwanaki ina falon muna ninke bargunan, waya ta yi ƙara. Netta ta ɗauka. Wata mata ce mai fara'a, daga wurin masu dubawa, tana so a sa ranar da za su zo su ga ko gidan yana da ɗumin da Mista Baird zai iya dawowa. Na miƙa hannu zan fizge wayar, don na tanadi abin da zan faɗa musu tun Janairu. Netta ta riƙe mini hannu.

"Ku zo duk ranar da kuka ga dama, 'yar nan," ta ce. "Ɗakin da ɗumi. Ranar Asabar na binne shi."

Ta ajiye wayar a hankali, ta wuce kicin ta kashe gas ɗin.